Yadda Ƙoda Ta Ke Gyara Kanta

Ina gaishe ku duka, musamman mutanen Sundimina da Kantoga da Kiyako, da na ƙasar Gwaram, Sara da Basirka da Farin Dutse, da duk masu sammako zuwa ɗakin shan magani su zauna a gindin itace suna jiran malamin asibiti ya buɗe ƙofa. Yau maganarmu a kan ƙoda ce. Akwai ciwon ƙoda na shekara da shekaru, wanda hawan jini da ciwon suga su ke kawowa sannu sannu, wannan za mu bar shi sai wata rana. Wanda na ke nufi yau shi ne mai faɗa wa mutum farat ɗaya. Shekaranjiya yana gona lafiya lau, jiya amai da gudawa suka kwantar da shi, yau kuwa sai a ga fitsari ya ɗauke. Irin wannan, in an yi hanzari, sau da yawa ya kan warke sarai, gama ƙoda tana da ikon gyara kanta. Mutanenmu da yawa ba su san haka ba. Da sun ji likita ya ambaci ƙoda sai su fid da rai, su ɗauki majinyaci su koma gida, alhali kuwa mako biyu ko uku kurum ya ke bukata.

Bari mu fara da ita ƙodar. Duk wanda ya taɓa feɗe akuya ya san siffarta, kamar ƙwayar wake. Ta mutum guda biyu ce, kowace ta yi kamar dunƙulen hannun mai ita, suna can bayan ciki, dama da hagun ƙashin baya, daidai ƙarƙashin haƙarƙari na ƙarshe. Ƙanana ne, amma duk jinin da zuciya ta bugo, wajen kashi ɗaya cikin biyar wurinsu ya ke zuwa.

In an yanki ƙoda aka sa a madubin likita, za a ga cike ta ke da waɗansu 'yan matatai ƙanana ƙwarai, wajen miliyan guda a kowace ƙoda, wani ya fi haka, wani bai kai ba. Kowane mataci kashi biyu ne. A kansa akwai rariya, watau wani ɗan ƙulli na jijiyoyin jini sirara. Daga rariyan nan sai wani ɗan bututu mai lanƙwashe-lanƙwashe, wanda kaurinsa bai fi na gashin kai ba. Rariya tana tace ruwa daga cikin jini ta zuba a bututu. Kun san yawan ruwan da ta ke tacewa a kwana guda? Wajen lita 180, watau garwa goma ke nan. To, da duk ruwan nan zai fita, ai da mutum bai yi awa guda a raye ba. Sabo da haka bututun nan shi ke da aikin mayar da ruwan cikin jini, da gishiri da suga da sauran abin da jiki ya ke so, ya bar dattin kaɗai da ruwa kamar lita ɗaya da rabi. Shi ne fitsari.

Ku riƙe wannan, domin a kansa sauran magana ta dogara. Cikin bututun nan an shafe shi da waɗansu ƙwayoyi masu rai, jere ɗaya tak, kowace ta manne da 'yar'uwarta, kamar yaɓen da a ke yi wa katanga. Ƙarƙashinsu akwai wata 'yar fata siririya wadda su ke zaune a kai, ita ce kamar jikin katangar. Ƙwayoyin nan su ne masu dakon garwa goman nan dare da rana, ba hutu. Wanda ya fi kowa aiki kuwa shi ya fi kowa jin yunwa. Da jini ya ragu, su ne su ke fara galabaita.

Me ke rage jinin? A ƙasarmu babban abu shi ne amai da gudawa. Ba mu manta da shekarar 2021 ba, sa'ad da annobar kwalara ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, fiye da 3,000 suka rasu, Jigawa da Bauci da Kano kuwa suna cikin jihohin da ta fi yi wa ɓarna. Mai kwalara ya kan zubar da lita da yawa cikin 'yan awoyi. Da jiki ya ga ruwa ya ƙare, sai ya yi dabara irin ta maigida a shekarar fari: ya tsuke hanyar jinin da ke zuwa ƙoda, ya tura ɗan abin da ya rage wajen ƙwaƙwalwa da zuciya. Haka kuma ya ke yi in mace ta zubar da jini da yawa wajen haihuwa ko ɓari, ko an yi hatsarin mota, ko ƙuna mai faɗi, ko ƙwayar cuta ta shiga jini. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani shi ma yana yi, musamman ga yara, har wani lokaci a ga fitsari ya koma baƙi kamar shayin da ba madara. Ga saran kububuwa, wadda waɗansu ke kira gobe-da-nisa, mai hana jini daskarewa. Ga kuma tsofaffi maza waɗanda hanyar fitsarinsu ta toshe, fitsari ya taru ya koma baya ya danne ƙoda.

Sa'an nan akwai guba, ita kuwa sau da yawa da kuɗinmu mu ke sayenta. A ƙarshen shekarar 2008 yara ƙanana suka yi ta zuwa asibitocin Legas da Ibadan da Zariya fitsari ya ɗauke musu. Da aka bincika sai aka tarar maganin haƙori ne na ruwa, mai suna My Pikin, wanda wani sinadari mai guba ya shiga cikinsa. Yara 84 aka lissafa sun rasu. A 2022 irin wannan ta faru a ƙasar Gambiya da maganin tari, yara wajen 70 suka tafi. Waɗannan sun yi suna domin an buga su a jarida. Wanda ba a bugawa shi ne na kullum: haɗin ƙwayoyin gajiya da a ke ƙulla wa manomi a leda a kasuwa, da jiƙo da tsimi waɗanda ba wanda ya san abin da ke ciki balle ma'auninsu, da allurar jentamaisin da a ke yi wa mutum a shago kwana da kwanaki ba gwaji.

To, a farkon al'amari ƙoda ba ta ji ciwo ba tukuna, ƙishirwa kurum ta ke ji. In an mayar wa jiki da ruwansa a wannan lokaci, kafin kwana ɗaya ko biyu sai fitsari ya dawo, magana ta ƙare. Amma in an bar mutum ya kwana ya wuni a haka, sai ƙwayoyin bututun nan su fara mutuwa. Waɗansu su kumbura su fashe, waɗansu su saki fatar da su ke kai su faɗa cikin bututu, su cuɗe su toshe shi, kamar yadda yaɓe ya kan zubo da damina ya toshe indararo. Ruwan da rariya ta tace ba shi da hanyar wucewa, wanda ya wuce kuma ya yoyo ta inda yaɓe ya ɓare ya koma cikin jini da dattinsa. Ɗan fitsarin da ya fito, in an duba shi a madubi, za a ga gutsattsarin ƙwayoyin nan launin laka. Likita da ya gan su ya san abin da ya faru.

Yanzu ga abin mamakin. Ba duka ƙwayoyin ke mutuwa ba. Ko a bututun da ya fi lalacewa a kan sami waɗansu nan da can da suka tsira. Da jini ya dawo, aiki iri uku ya kan tashi kusan gaba ɗaya.

Na farko shara ce. Akwai waɗansu fararen ƙwayoyin jini masu haɗiye mushe, su ke zuwa su kwashe matattun, su ma ƙwayoyin bututu da suka tsira suna taya su. Na biyu, waɗanda suka tsiran nan sai su ajiye sana'arsu. A da kowace tana tsaye, da 'yan gashi gashi a kanta da ta ke tsotsar ruwa da su. Yanzu sai ta zubar da gashin, ta kwanta, ta baje, ta miƙe jikinta a kan fatar da ta rage tsirara, tana rarrafe har ta taɓo wata 'yar'uwarta daga can gefe. Ta zama kamar ta koma yarinya, irin yadda ta ke tun mutum yana cikin uwarsa. Na uku, sai ta fara rabuwa biyu, biyun su zama huɗu, huɗu su zama takwas, har gurbin ya cika. Ƙodar mai lafiya ƙwayoyinta ba safai su ke rabuwa ba, sai ka ce barci su ke yi, amma ciwon nan ya kan tashe su. Da gurbi ya cika sai su daina, kowace ta miƙe tsaye, gashinta ya tsiro, ta koma bakin aikinta. Manomi zai gane wannan da sauri. In shuka ta yi giɓi, ba ya zuwa wata ƙasa neman iri. Inda ta yi kauri a gonar nan tasa ya ke cirowa ya yi dashe.

An daɗe ana gardama a kan inda sababbin ƙwayoyin su ke fitowa. Waɗansu masana sun zaci daga ɓargo su ke zuwa ta cikin jini. A shekarar 2008 waɗansu likitoci a birnin Boston na Amurka, Dokta Humphreys da Dokta Bonventre da abokan aikinsu, suka yi wata dabara da ɓeraye. Suka sa wa ƙwayoyin bututun ƙoda alama mai launi, wadda duk 'ya'yan da suka haifa za su gada. Sa'an nan suka tsai da jinin ƙodar na ɗan lokaci suka sake shi. Bayan kwana 2, a wurin da ciwon ya fi tsanani, kusan rabin ƙwayoyin suna cikin rabuwa. Da gyara ya ƙare aka duba, sai ga sabon yaɓen da launin nan. Watau masu gyaran 'yan gida ne, ba baƙi. Har yanzu akwai masana a Italiya da su ke ganin ba kowace ƙwaya ce ke iya haihuwa ba, waɗansu 'yan kaɗan ne aka keɓe domin haka, sauran kuwa ƙiba su ke yi su ɗauki aikin waɗanda suka mutu. Wannan gardamar malamai ce. Abin da ya shafe mu a ɗakin shan magani shi ne duka sun yarda daga cikin ƙodar gyaran ya ke fitowa. Ba wata ƙwaya ko allura ko saiwa da aka tabbatar tana sa ƙwayoyin nan su tsiro. Sabo da haka duk mai lasifika a kasuwa da ya ce muku kwalbarsa tana wanke ƙoda ta sabunta ta, ku wuce abinku. Ni dai a ganina, cikin duk masu tallan magani ba wanda ya kai shi hatsari, domin mai raunin ƙoda shi ne ba ya iya fitar da abin da ya sha.

Akwai sharaɗi guda. Tun a 1951 wani likitan Amurka, Jean Oliver, ya zauna da haƙuri yana zare 'yan matatan nan ɗai ɗai daga ƙodar waɗanda suka rasu, yana dubawa. Ya ga inda ƙwayoyi suka mutu amma fatar da ke ƙarƙashinsu tana nan, bututu ya kan koma daidai. Inda fatar kanta ta yage kuwa, sababbin ƙwayoyi ba su da abin bi, sai wurin ya lalace. Yaɓe in ya zube a kan sake shi bayan damina. Katanga in ta faɗi, wannan wani zance ne.

Kwana nawa gyaran ya ke ɗauka? Yawanci mako ɗaya zuwa uku kafin fitsari ya dawo, wani ya kan kai mako shida. A cikin kwanakin nan ne a ke rasa mutane, domin datti yana taruwa a jini. Majinyaci ya kan ƙi abinci, ya yi ta tashin zuciya da shaƙuwa, ƙafa da fuska su kumbura, numfashi ya yi wuya, ya fara ruɗewa ko yawan barci. Akwai kuma wani gishiri a jini, likitoci suna ce da shi fotasiyam, wanda in ya yi yawa ya kan tsai da zuciya ba sallama.

A nan ina roƙon masu jinya, iyayena mata musamman, ku saurara da kyau. Ruwan da ya ke magani jiya, yau ya zama abin tsoro. Kafin ƙoda ta tsaya, ruwa a ke so da yawa. Bayan ta tsaya, duk abin da aka ɗura wa mutum ba shi da mafita, sai ya taru a huhu. Ba mai iya rarrabe waɗannan biyu da ido a gida, sai an auna jini da fitsari. A asibiti za ku ga ana tara fitsarin majinyaci ana aunawa ana rubutawa, a ba shi ruwa gwargwadon abin da ya fitar jiya, a ƙara ɗan kaɗan. Kada ku ga kamar rowa ce ku ɓoyo masa kunu cikin zane. In an ce kada ya ci ayaba da lemo da dabino da tumatir, sabo da gishirin nan ne mai tsai da zuciya. Kunun kanwa kuma, da abinci mai gishiri da dunƙule da yawa, suna riƙe ruwa a jiki. Mai jegon da ƙodarta ta taɓu ba ta shan kunun kanwa, ko da kakarta ce ta dama.

In datti ya yi yawa, likita zai ce a yi wankin ƙoda. Nan ne dangi su kan ja da baya, su ce ai wanda aka fara wa wanki ba ya dainawa sai gona da shanu sun ƙare. Wannan gaskiya ce ga mai tsohon ciwo wanda ƙodarsa ta riga ta ƙanƙance. Ga wanda tasa ta tsaya farat ɗaya kuwa, injin aro ne kurum. Jini ya ke tacewa, ya riƙe mutum da rai har ƙwayoyin nan su gama dashensu. Da yawa sau 'yan kaɗan a ke yi musu a sallame su, ba su ƙara komawa ba. Asalin injin ma domin irinsu aka ƙera shi. Wani likita a ƙasar Holan, Willem Kolff, ya haɗa na farko a 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, da gangar katako da irin ledar da a ke ɗura nama a ciki. Mutanen da ya fara gwadawa kusan duka suka rasu. A 1945 aka kawo masa wata tsohuwa mai shekara 67, ƙodarta ta tsaya, ba ta san inda ta ke ba. Ya sa ta a injin awa 11, ta farfaɗo, ƙodarta ta kama aiki da kanta, ta ƙara shekaru a duniya. Sabo da haka tambayar da ya kamata maigida ya yi wa likita ita ce: ciwon nan sabo ne ko tsoho? Hoton ciki da gwajin jini su kan nuna. Daga ƙasarmu, Asibitin Tarayya na Birnin Kudu shi ne wurin fara zuwa, likitocin can su za su faɗi inda za a kai mutum in wanki ya kama. Asibitin Malam Aminu Kano ya daɗe yana wannan aiki, har dashen ƙoda ya fara tun 2002.

Ranar da fitsari ya dawo ranar murna ce, amma kada a yi gaggawar naɗe tabarma. Rariya ta kan riga bututu farfaɗowa. Sababbin ƙwayoyin nan yara ne, ba su iya aiki ba tukuna, ba su iya mayar da ruwa cikin jini. Sai a ga mutum yana zuba fitsari lita uku, huɗu, har biyar a kwana, fari tas kamar ruwa. In an kai shi gida a haka ba mai aunawa, sai ya sake bushewa, ƙodar da ta fara warkewa ta sake faɗuwa. Ku bari likita ya sallame shi da bakinsa. Bayan wannan ma ƙarfin ƙoda a hankali ya ke komowa, wata uku, wani har shekara.

Gyaran nan kuma yana da iyaka, ba zan ɓoye muku ba. Ƙoda tana iya sake yaɓen bututu, amma ba ta iya ƙera sabon mataci. Duk matatan da mutum zai samu a duniya an gama ƙera su tun yana ciki, wajen mako na 36. Kifi ya fi mu a nan, shi ya kan tsiro da sababbi ko ya girma. Mu kuwa wanda ya mutu ya tafi ke nan, sauran su ƙara girma su raba aikinsa. Shi ya sa bakwaini da jaririn da aka haifa ɗan mitsitsi su kan taso da matatai kaɗan, ya kamata a riƙa auna musu hawan jini in sun girma. Akwai kuma lokacin da jini ya kan yanke ƙaf har rariyoyin kansu su mutu, an fi ganin haka ga matan da mabiyiya ta rabu da mahaifa tun kafin haihuwa, ko suka zubar da jini ƙwarai aka yi jinkirin kai su asibiti. Irin wannan da wuya ya warke. Ungozoma da ta ga jini ya wuce kima, kada ta jira gari ya waye.

Wani lokaci kuma gyaran ya kan tsaya a rabi. Waɗansu ƙwayoyi su kwanta su kasa tashi, ba su mutu ba, ba su koma aiki ba, sai su yi ta kiran masu ɗinki, wurin ya cika da tabo. Kun san tabon ƙuna, ba ya gumi, ba ya tsirar da gashi. Haka tabon ƙoda ba ya tace kome. Ƙananan jijiyoyin jini na kewaye kuma su kan ragu, ba su cika dawowa ba. An fi samun haka in ciwon ya yi tsanani, ko ya daɗe, ko mutum tsoho ne, ko mai ciwon suga, ko kuwa ciwon ya yi ta maimaituwa. Ku dubi mai aikin gona da bazara ko mai yankan shinkafa a fadama, ya wuni cikin rana yana gumi, ruwa kaɗan ya sha, da dare ya haɗiyi ƙwayar gajiya biyu uku domin gobe ya iya tashi. Ƙwayoyin nan irin su ibufurofen da dikulofenak suna tsuke hanyar jinin ƙoda, a jikin da ya riga ya bushe kuwa ɓarnarsu ta fi yawa. Bai kwanta ba, bai ga kome ba, amma kowace shekara yana iya ƙara ɗan tabo. In ciwon jiki ya dame ku, farasitamol bisa ƙa'ida ya fi sauƙi ga ƙoda, a sha ruwa kuma tun kafin ƙishirwa ta yi tsanani.

Ƙoda ba ta da ƙorafi. Mutum ya kan rasa kusan rabin aikinta bai ji kome ba, gwajin jini ma bai nuna sosai ba. Ciwon bayan da ku ke kawo mana kuna cewa ƙoda ce, yawancinsa na tsoka da ƙashi ne. Sabo da haka duk wanda ƙodarsa ta taɓa tsayawa, ko ya ji garau, ya koma asibiti bayan wata 3 a auna jininsa, gwajin da a ke kira kiratinin, a duba fitsari, a auna hawan jini. Daga nan kuma ko sau ɗaya a shekara. Ya ajiye katinsa, duk inda za a ba shi magani ya faɗa cewa ƙodarsa ta taɓa tsayawa. In watan azumi ya zo bai daɗe da tashi ba, ya nemi shawarar likita tukuna. Mace kuma ta faɗa wa ma'aikaciyar awo tun zuwan farko in ta sake samun ciki.

Ga abin da za a yi a gida tun kafin a kai ga duk wannan. Da gudawa ta fara, a fara ba da ruwan gishiri da suga, kada a jira. In akwai na ƙunshi daga ɗakin shan magani, shi ya fi, a zuba ƙunshi guda cikin adadin ruwan da aka rubuta a jikinsa. In babu, a sami ruwa mai tsabta lita ɗaya, watau ledar ruwa biyu, a sa suga ƙaramin cokalin shayi 6 a shafe, gishiri rabin cokali a shafe. In ya fi hawaye gishiri, an yi kuskure, a zubar a sake. A riƙa ba shi kurɓi kurɓi, in ya yi amai a dakata minti 10 a ci gaba. Jariri kada a cire shi daga nono. Sa'an nan a sa ido a kan fitsari, wannan shi ne abin da masu jinya su kan manta, suna lissafin gudawa ba su lissafin fitsari. Yaron da ya yi awa 6 zuwa 8 bai yi ba, ko babban da fitsarinsa na kwana guda bai cika ledar ruwa ɗaya ba, ko wanda idonsa ya faɗa, ya kasa sha, a ɗauke shi a ranar, ko da dare ne. A nan mu kan sa ƙarin ruwa, in ba mu ga fitsari ba mu rubuta takarda zuwa Birnin Kudu. Ku sani kuma akwai wanda ƙodarsa ta kan taɓu alhali fitsari yana zuwa, musamman in magani ne ya jawo. Shi ya sa in mun ce a je a auna jini, kada a ce ai yana fitsari.

Wanda maciji ya sara, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau da igiya. A hana shi tafiya da ƙafa, a ɗauke shi zuwa asibiti. Can za a zuba jininsa a 'yar kwalba a jira minti 20, in bai daskare ba an san dafin ya shiga, sai allurar dafi. A Kaltungo ta Jihar Gombe akwai asibiti musamman domin wannan.

Saura abu guda, tun da damina ta kan zo mana da rushewar gini. A 1941, sa'ad da jiragen Jamus su ke jefa bom a birnin Landan, wani likita, Eric Bywaters, ya lura da mutanen da aka tono daga ƙarƙashin gidaje. Sun fito da ransu suna magana, sai bayan 'yan kwanaki fitsari ya ɗauke, su rasu. Tsokar da gini ya danne awoyi ita ce ta ke sakin wani abu cikin jini, ya je ya toshe bututun ƙoda ya ƙone ƙwayoyinsa. Sabo da haka wanda katanga ta danne wa ƙafa ko cinya, ko rijiya ta rufta da shi, ko ramin ɗiban ƙasa, in ya yi awa guda ko fi a danne, ko ya tashi ya ce ba abin da ya same shi, a kai shi asibiti nan take a sa masa ƙarin ruwa. A duba fitsarinsa na farko. In ya fito ja ko baƙi, a faɗa wa likita tun a bakin ƙofa.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana a kan tsargiya da yaran da ke wanka a kududdufi. Mu kwana lafiya.